Manhajojin da ke tayar da sabar idan ta tsaya

Duk lokacin da mutum ya tura kuɗi ta wayar salula, ko ya aika saƙo ta WhatsApp, ko ya sayi tikitin jirgin sama ta intanet, buƙatarsa na isa ne ga wata babbar kwamfuta da ke aiki dare da rana a wata cibiya mai nisa, wadda ake kira sabar.

A cikin kowace sabar akwai manhajoji da dama da ke gudana a lokaci guda. Wata na karɓar buƙatun jama'a, wata na kula da rumbun bayanai, wata kuma na aika saƙonni. Idan ɗaya daga cikinsu ta tsaya da ƙarfe uku na dare, ba lalle ne a sami injiniyan da ke farke ba.

Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro wasu manhajoji na musamman, waɗanda ba su da wani aiki illa sa ido a kan sauran, da kuma tayar da duk wadda ta faɗi ba tare da jiran ɗan Adam ba.

Lissafi ma ya nuna wajibcin hakan. Kamfanin da ya yi alkawarin cewa sabarsa za ta yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, yana da damar tsayawa na kimanin sa'o'i 8 da minti 46 ne kacal a shekara. Idan kuwa alkawarin kashi 99.999 ne, kamar yadda aka saba nema a harkar wayar tarho, to damar ba ta wuce minti 5 da 'yan daƙiƙoƙi ba a shekara guda. Kafin a buga wa injiniya waya ya farka ya buɗe kwamfutarsa, wannan wa'adi ya riga ya ƙare.

Me ke sa manhaja ta tsaya?

Dalilan suna da yawa, amma uku ne suka fi yawaita.

Na farko shi ne kuskure a rubutun manhajar, wanda kan sa ta faɗi nan take idan ta ci karo da wani yanayi da marubutanta ba su yi tsammani ba.

Na biyu shi ne cin wurin ajiya. Wasu manhajoji kan karɓi wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta su yi aiki da shi, amma su kasa mayarwa. Sannu a hankali sai wurin ya ƙare. A tsarin Linux, idan abin ya kai haka, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar kan zaɓi ɗaya daga cikin manhajojin ta kashe ta domin a ceci sauran.

Na uku kuma, wanda ya fi wuyar ganewa, shi ne ƙamewa. Manhajar ba ta faɗi ba, sunanta na nan a jerin masu aiki, amma ba ta amsa kowa, galibi saboda ɓangarorinta biyu kowanne na jiran ɗan uwansa ya saki wani abu da ya riƙe.

Dalilin da ya sa sake kunnawa ke magani

Mutane da yawa na ɗaukar kashe na'ura a sake kunna ta a matsayin dabarar wanda bai iya gyara ba. Sai dai binciken masana ya nuna cewa dabarar na da tushe.

A shekarar 1985, Jim Gray, wani masani da ke aiki a kamfanin Tandem na Amurka, ya yi nazari a kan abubuwan da ke tsayar da kwamfutocin da kamfanin ke sayar wa bankuna da sauran manyan hukumomi. Ya gano cewa kurakuran da ke saura a cikin manhajar da aka daɗe ana amfani da ita, akasari ba masu maimaita kansu ba ne. Sukan bayyana ne kawai idan wasu abubuwa suka haɗu a daidai wani lokaci, kuma idan aka sake gwadawa sai a ga sun ɓace. A wani rukunin kurakurai 132 da ya duba, ɗaya ne tak ya sake bayyana bayan an maimaita aikin.

Ma'anar wannan ita ce, manhajar da aka tayar daga farko, da tsaftatacciyar ƙwaƙwalwa, tana da kyakkyawar damar ci gaba da aiki.

Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya gina harshen rubuta manhaja na Erlang a kan irin wannan fahimta, tun daga shekarar 1986, a ƙarƙashin Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams. Maimakon a yi ƙoƙarin hango kowane kuskure, sai aka raba aiki zuwa ƙananan sassa, kowane rukuni da mai kula da shi. Sashen da ya rikice a bar shi ya faɗi, mai kula da shi ya tayar da sabo. An yi harshen ne domin na'urorin musayar wayar tarho, kuma da shi ne aka gina sabar ɗin WhatsApp.

Daga Unix zuwa systemd

Tarihin waɗannan manhajoji na komawa ne ga tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a cibiyar bincike ta Bell Labs a shekarar 1969.

A wannan tsari, manhajar farko da ke tashi idan an kunna na'ura ita ce init, wadda ke riƙe da lamba 1, kuma daga gare ta ne sauran ke samo asali. A samfurin System V na shekarun 1980, ana iya umartar init ta sake tayar da wata manhaja duk lokacin da ta mutu. Irin wannan init da Linux ya gada na da iyakarta: idan aka tayar da manhaja fiye da sau 10 cikin minti 2, sai a dakatar da ita na minti 5.

To amma yawancin manhajojin sabar na wancan zamani ba a ƙarƙashin wannan kulawa suke ba. Sukan tashi, su raba gari da wadda ta tayar da su, su rubuta lambarsu a wani ɗan fayil. Idan suka mutu, fayil ɗin na nan, kuma wata manhaja dabam na iya gadar lambar. Ta haka sai a riƙa ɗaukar matacce a matsayin rayayye.

A shekarar 1997, Daniel J. Bernstein, malamin lissafi a Jami'ar Illinois da ke birnin Chicago, ya fitar da daemontools. Dabararsa mai sauƙi ce: kowace manhaja ta zauna a ƙarƙashin mai kula da ita, kamar ɗa a gaban mahaifi. Da zarar ta mutu, tsarin kansa zai sanar da mai kulawar, shi kuma ya tayar da ita, tare da jinkirin daƙiƙa guda domin kada tayarwar ta yi sauri fiye da kima.

Wasu sun bi sahu. An sami runit, da Supervisor wadda aka rubuta da harshen Python, da kuma Monit daga ƙasar Norway, wadda ke duba yawan wurin ajiyar da manhaja ke ci, ta kuma aika wasiƙar imel idan ta ga abin da bai dace ba.

Manyan kamfanoni ma sun shigo. A shekarar 2005 Apple ya fitar da launchd, yayin da Sun Microsystems ya sanya nasa tsarin a cikin Solaris 10. A 2006 Ubuntu ya zo da Upstart. Shi kuwa Microsoft, tun daga Windows 2000 ya ba masu kula da sabar damar zaɓar abin da za a yi a faɗuwar farko, da ta biyu, da waɗanda suka biyo baya.

Wadda ta fi rinjaye a Linux a yau ita ce systemd, wadda Lennart Poettering da Kay Sievers suka gabatar a shekarar 2010 suna aiki a kamfanin Red Hat. Fedora ya karɓe ta a 2011, Debian da Ubuntu kuma a 2015. Da layi ɗaya na umarni ana iya cewa a tayar da manhaja ko yaushe, ko kuma sai idan faɗuwa ta yi ba kammala aiki ba. Ana bambance biyun ne ta lambar da manhaja ke bari yayin fita: sifili na nufin lafiya, wata lamba dabam kuma na nufin matsala.

Sai dai karɓar systemd bai zo lami lafiya ba. Masu suka sun ce ta tattara ayyuka da yawa a hannu guda, saɓanin al'adar Unix ta kowace manhaja ta yi abu ɗaya. Taƙaddamar ta kai ga wasu suka ɓalle daga Debian a 2014 suka kafa Devuan.

A manyan cibiyoyi masu dubban na'urori kuwa, Kubernetes ce ke wannan aiki. Google ne ya fitar da ita a 2014, kuma idan sabar guda ta mutu ɗungurungum, takan kwashe ayyukanta ta mayar da su kan wata.

Rai dabam, lafiya dabam

Sanin cewa manhaja na raye bai isa ba, kuma abin da ya faru a arewa maso gabashin Amurka a ranar 14 ga watan Agustan 2003 ya tabbatar da haka.

Da misalin ƙarfe 2 da minti 14 na rana, manhajar ƙararrawa a ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy da ke jihar Ohio ta ƙame saboda wani ɓoyayyen kuskure. Saƙonnin da ba a sarrafa ba suka taru har babbar sabar ta faɗi, ta ko-ta-kwana ma ta bi bayanta.

Ma'aikatan sashen kwamfuta sun sake kunna sabar, kuma gwajin da na'urar ta yi wa kanta ya nuna cewa duk manhajojin sun tashi. Amma ƙararrawar na nan a ƙame, kuma masu kula da wutar sun shafe fiye da sa'a guda ba su sani ba. A daidai wannan lokaci manyan wayoyin lantarki na ta taɓa bishiyoyi suna katsewa ɗaya bayan ɗaya.

Jim kaɗan bayan ƙarfe 4 na yamma wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada, ciki har da biranen New York da Toronto da Detroit. Rahoton kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu, wanda ya fito a 2004, ya sanya gazawar ƙararrawar cikin abubuwan da suka hana a shawo kan matsalar tun tana ƙarama.

Saboda kauce wa irin wannan ne manhajojin sa ido ba sa tsayawa ga duba jerin sunaye. Sukan aika wa manhajar wata buƙata ta gwaji lokaci-lokaci, kamar yadda abokin ciniki zai yi, su jira amsa cikin ƙayyadadden lokaci. Idan ta gaza sau da dama a jere, sai a nemi ta rufe da kanta. In ta ƙi, a kashe ta da ƙarfi. Bisa al'ada systemd kan jira daƙiƙa 90 kafin ɗaukar mataki na biyu, Kubernetes kuma daƙiƙa 30.

Karen gadi

Akwai kuma wata dabara da masana ke yi wa laƙabi da karen gadi. A nan manhajar ce da kanta ke aika alamar cewa tana nan lafiya. Akwai wani agogo da ke ƙidaya, kuma kowace alama na mayar da shi farko. Idan alamar ta daina zuwa har lokacin ya cika, sai a sake kunna na'urar baki ɗaya.

Dabarar ta fi amfani a inda hannun mutum ba ya kaiwa. Kumbon Mars Pathfinder na hukumar NASA ya sauka a duniyar Mars a ranar 4 ga watan Yulin 1997. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta fara sake kunna kanta. Wani ƙaramin aiki na tattara bayanan yanayi ne ke riƙe abin da wani muhimmin aiki ke buƙata, shi kuma ƙaramin aikin wasu ayyukan sun hana shi kammalawa. Duk lokacin da tsarin sa ido ya ga muhimmin aikin ya makara, sai ya tayar da komai daga farko.

Hakan ya jinkirta aikin binciken, amma ya bar kumbon a raye har injiniyoyi suka gano matsalar a wani kwafinsa da ke ƙasa, suka aika gyara ta hanyar rediyo.

Tun kafin nan, a ranar 20 ga watan Yulin 1969, kwamfutar kumbon Apollo 11 ta sami aiki fiye da ƙarfinta yayin da ake sauka a duniyar wata. An tsara ta yadda za ta sake tashi cikin gaggawa, ta yar da ƙananan ayyuka ta ci gaba da na tuƙi. Ta yi hakan sau da dama, aka kuma sauka lafiya.

Garin neman gira

Tayarwa ta atomatik na iya zama ita kanta musabbabin bala'i.

A ranar 15 ga watan Janairun 1990, wata na'urar musayar kira ta kamfanin AT&T a birnin New York ta sami 'yar matsala, ta sake kunna kanta kamar yadda aka tsara. Da ta dawo sai ta aika saƙonni ga maƙwabtanta. Wani kuskure a sabuwar manhajar da aka sanya musu ya sa saƙonnin suka rikita su, su ma suka sake kunna kansu, suka kuma rikita wasu yayin dawowa.

Haka abin ya yi ta zagayawa tsakanin na'urori 114. Kimanin rabin kiraye-kirayen nesa na kamfanin sun gaza shiga har tsawon sa'o'i 9, sai da injiniyoyi suka rage yawan saƙonnin da ke kai-komo tsakanin na'urorin sannan lamarin ya lafa.

Shi ya sa kowace manhajar sa ido ke da birki. Idan systemd ta tayar da manhaja sau 5 cikin daƙiƙa 10, takan haƙura. Supervisor kan gwada sau 3 ta bayyana cewa abin ya fi ƙarfinta. Kubernetes kuma kan fara da jiran daƙiƙa 10, ta ninka zuwa 20, sannan 40, har zuwa minti 5. In ba haka ba sai a yi ta tufka da warwara, ana cin ƙarfin na'urar a banza.

Dalili shi ne, akwai matsalolin da tayarwa ba ta maganinsu. Idan rumbun ajiya ya cika, ko an rubuta saiti ba daidai ba, manhajar za ta faɗi a wuri guda ko sau nawa aka tayar da ita. Haka ma cunkoso. A farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun naira a Najeriya, jama'a sun koma tura kuɗi ta waya, kuma da yawa sun ga yadda kuɗi ke maƙalewa a hanya. Sabar da buƙatu suka fi ƙarfinta, ƙarin na'urori take nema.

Misali mafi girma shi ne na ranar 19 ga watan Yulin 2024, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wani gurɓataccen fayil ga abokan cinikinsa. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 masu amfani da Windows abin ya shafa. Da yawansu sun yi ta faɗuwa suna tashi suna sake faɗuwa, domin kowace tashi na sake karanta fayil ɗin. An soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, ayyukan asibitoci da bankuna suka tsaya a ƙasashe da dama, kuma sai da ma'aikata suka bi na'urori da yawa ɗaya bayan ɗaya suka goge fayil ɗin da hannu.

Kashewa da gangan

Wani lokaci ba a jiran manhaja ta faɗi, domin daɗewa a kunne ma na da nasa haɗari.

A ranar 25 ga watan Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai masu linzami ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ta kasa tare wani makamin Scud, wanda ya hallaka sojojin Amurka 28. Bincike ya nuna cewa na'urar ta shafe kimanin sa'o'i 100 a kunne, kuma wani ɗan kuskure a lissafin lokaci ya taru har ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Da an sake kunna ta, da kuskuren ya koma sifili.

Kazalika a shekarar 2015, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta umarci masu jirgin Boeing 787 su riƙa kashe wutarsa lokaci-lokaci, bayan an gano cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocinsa za su tsaya idan suka yi kwana 248 a kunne ba hutawa.

Kamfanin Netflix kuwa ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wadda ya bayar ga kowa a 2012. Aikinta shi ne kashe sabar ɗin kamfanin ba zato ba tsammani a lokutan aiki, domin a tabbatar da cewa tsarin tayarwa na aiki yayin da injiniyoyi ke ofis.

Wa ke gadin mai gadi?

Manhajar sa ido da ke zaune a cikin sabar za ta mutu tare da ita idan wuta ta ɗauke. Don haka ake sanya wata a waje, a wata na'ura dabam, tana leƙowa daga nesa.

Nagios, wadda Ethan Galstad ya fara fitarwa a 1999 da sunan NetSaint, na cikin tsofaffin irin waɗannan. Akwai Zabbix daga ƙasar Latbiya, da Prometheus wadda aka fara ginawa a kamfanin SoundCloud a 2012. Suna tattara alƙaluma, suna kuma aika saƙo ga injiniyan da ke bakin aiki. Mafi amfaninsu shi ne gargaɗi kafin faɗuwa, kamar nuna cewa rumbun ajiya na gab da cika, domin ƙararrawar da ta buga bayan komai ya tsaya ihu ne bayan hari.

Duk da haka, kayan sa ido na iya faɗuwa tare da abin da suke gadi. A ranar 4 ga watan Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kimanin sa'o'i 6 a duk duniya. Wani umarni da aka bayar yayin aikin gyara ne ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin. Na'urorin da ke nuna wa duniya adireshin Facebook suka ga ba sa iya isa ga cibiyoyin, sai suka janye kansu daga intanet, kamar yadda aka tsara musu. Kayan aikin da injiniyoyi ke amfani da su wajen bincike ma sun bi ta wannan hanya da ta katse, har sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu.

Akwai kuma haɗarin da ba ya fitowa fili. Manhajar da ke faɗuwa sau 20 a rana ana tayar da ita cikin daƙiƙa, tana iya ɗaukar watanni ba wanda ya lura, alhali a kowace faɗuwa akwai cinikin wani da ya yanke a tsakiya. Saboda haka ƙwararru kan ƙidaya yawan tayarwar, su adana bayanan da manhajar ta bari kafin ta mutu, su kuma bibiyi musabbabin har a gyara shi a cikin rubutun manhajar.